Malam Garba Mai Tafireta da Kwamfutar Ɗana

Ina shara a tsakar gida maƙwabciyata ta shigo ko sallama babu, ta ce Malam Garba Mai Tafireta ya rasu bayan asuba. Na yi salati. Allah ya yafe mini, abu na biyu da ya faɗo mini a rai shi ne kwamfutar ɗana tana shagonsa.

Shi da matarsa Hajiya Asabe suka koya mini karatun boko a ajin yaƙi da jahilci a Dogo Nini, cikin shekarun saba'in, ina da goyo a baya. Lokacin Malam akawu ne. Daga baya ya koma gyaran tafireta, da aka daina yayinta ya koyi kwamfuta da furfurarsa. Bai taɓa yi wa karkataccen rubutuna dariya ba.

Ɗana Bukar ya kama hanyar Gadaka shekara bakwai ke nan. Bai dawo ba, ba a ga gawa ba. A tsohuwar kwamfutarsa akwai hotunansa, akwai muryarsa yana karatun Alƙur'ani. Da ta daina buɗewa, sai baƙin allo kawai, masu gyara na kasuwa suka ce a goge komai a zuba sabo. Malam ya hana. Ya ce, "Ya Falmata, ni ba na taɓa na'ura sai na tambaye ta wane tsari ke cikinta." Ya zaunar da ni, ya sa na buga haruffa uku da yatsana, v, e, r, na danna babban maɓalli. Layi guda ya fito, suna da lambobi. Ya ce, "Kwafe a takarda ki adana. Ban yarda da masu gaggawa ba, ni kuma kwanakina sun ja."

Bayan sadakar uku na je shagon. Babban ɗansa Isa ya ce wani mai saye zai zo ran Alhamis ya kwashe kayan, ya goge su duka. Kwamfuta shida ne iri ɗaya, babu suna a jikin ko ɗaya, don Malam a kansa yake riƙe da sunayen masu su.

"Mama, wacce ce taki?"

Na ce ban sani ba, ya kunna mini su. Yana buɗe baƙin allon ɗaya bayan ɗaya, ina buga haruffan, ina duba takardata. A ta biyar lambobin suka yi daidai.

Yanzu tana ɗakina, na lulluɓe ta da zane. In an kunna ta wata ƙara take yi a ciki, kamar gara na cin itace. Isa ya ce tsarin ya tsufa, bai san wanda ya iya shi a garin nan ba bayan mahaifinsa. Ban sake kunna ta ba, tsoro nake ji.

Allah ya jiƙan Malam Garba, ya yalwata masa kabari, ya sa karatun da ya ba mu ya tsaya masa. Allah ya ba Hajiya Asabe da 'ya'yanta haƙuri. Ya Ubangiji, in Bukar ya riga mu, ka haɗa su a rahamarka. In yana raye, ka dawo da shi ina da sauran gani.