Rumbun Baba da 'Yan Hujja

Da kakar bana Yaya Sada ya cika shekara goma sha tara da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Kowace shekara 'yan ƙungiyarsa sukan kama ɗakin taro a Katsina su yi lacca da sunansa, bana ma sun gayyace ni don ni kaɗai ce ƙanwarsa da ta rage. Wani matashi mai kwat ya tashi ya ce Sada ne mutum na farko da ya 'yantar da hatsi daga kurkukun rumbu a ƙasar Jibiya. Aka yi ta tafi. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, Yaya ma'aikacin kwastan ne a bakin iyaka. Shi da hedimasta da likitan dabbobi da Mista Bulus na ofishin gona suka kafa Zauren Hankali. Mutanen gari kuwa 'Yan Hujja suke ce musu, don ko gaishe su ka yi sai sun nemi dalili. Ba kowa suke ɗauka ba, sai mai ilimin boko mai zurfi. Aƙidarsu ita ce a bi hankali, a ci gaba, a bar kasuwa ta yi halinta. Suna da wata doka: kowane memba sai ya kashe tsohuwar al'ada guda a gidansu. Hedimasta ya hana wankan jego da tafasasshen ruwa, kuma har gobe ina yaba masa. Yaya ya zaɓi rumbun Baba.

Mahaifinmu manomi ne a Bugaje. Yana da rumbun da ba a taɓawa sai damina ta yi nisa, abinci ya ƙare a gidaje, sabon gero bai nuna ba. A lokacin yakan shimfiɗa buzu a ƙofar gida, matan da mazansu suka mutu da magidantan da suka gaza su zo da ƙwarya, ya auna musu gero. Wani ya mayar da kaka, wani bai mayar ba. Da wannan aka san shi, ba shi da wata sarauta.

Shekarar da fari ya kama Nijar, fataken Maraɗi suna sayen gero da tsadar da ba a taɓa ji ba. Yaya ya kwaso 'yan Zauren a motoci suka sauka ƙofar gidanmu. Ina hutun makarantar horon malamai, ni na kai musu fura.

"Baba, hatsin da ke kwance asara ne," in ji Yaya. "A sayar a sa kuɗin a banki. Ranar da aka buƙata, kasuwa tana nan."

Yaya ɗan fari ne, Baba ko sunansa ba ya faɗa, balle ya yi musu da shi gaban baƙi. Ya dubi ƙasa ya ce, "To, mai sunan Malam, kasuwar nan taku ta san Tabawa?"

Inna Tabawa tsohuwa ce maƙwabciyarmu mai riƙon jikoki marayu. Baƙin suka yi dariya, sun ɗauka barkwanci ne. Baba ya ce, "Ku yi yadda kunka gani." Kafin la'asar an sussuke damman, an ɗora a mota.

Damina ta gaba ruwa ya ɗauke mana mu ma. Kasuwa tana nan kamar yadda Yaya ya faɗa, sai dai kuɗin bankin bai sayi rabin abin da aka fitar ba. Mu ba mu kwana da yunwa ba, albashin Yaya ya riƙe gidan. Amma Baba ya naɗe buzunsa ya koma cikin ɗaki.

Wata ranar Juma'a Yaya ya zo, yana tsaye a zaure, sai ga Inna Tabawa da ƙwarya a ƙarƙashin mayafi. Baba ya kira ni a hankali ya ce, "Tahi ki ce mata ba ni nan." Ban taɓa jin ya yi ƙarya ba sai ranar. Na fita na faɗa. Takalman Baba suna bakin ƙofa. Ta gan su, ta kau da kai, ta ce, "Ba komi, ɗiyata. In ya komo ki gaishe shi." Yaya bai tsaya cin abinci ba.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau, iyakar da ya tsare a rufe ta yau a buɗe gobe, manomi ya sayar da gero da kaka ya sayo shi da kuka da damina. Na san halinsa, zai kawo hujja, ba ya rasawa. Mutum ne mai gaskiya, bai taɓa karɓar cin hanci ba a wurin da ake karɓa kamar gaisuwa. Abin da ke ba ni kunya shi ne bai taɓa tsayawa gaban Zauren ya gaya musu yadda labarin ya ƙare ba, shi ya sa jikokinsu suke tafa wa rabinsa.

Sauran rabin ke nan na rubuta, don shi ne abin da ya rage mini na Yaya. Baba bai sake zama a ƙofar gida ba har ya koma ga Allah. Bayan rasuwarsa, Yaya ya sa aka yaɓe rumbun. Kowace kaka yakan sayi damman gero da albashinsa ya cika shi. In damina ta yi nisa sai ya ɗauki hutu, ya tafi Bugaje, ya shimfiɗa buzu a ƙofar gida ya zauna tun safe. Mutane su wuce su gaishe shi da ladabi, su tambayi aiki da iyali. Har ya rasu, ba wanda ya sake zuwa gidanmu da ƙwarya.