Allurar Ƙanwata

Ƙanwata na da shekara goma sha ɗaya, amma duk wanda ya gan ta sai ya ba ta bakwai. A gidanmu na Malanville an gwada rubutu, an gwada saiwoyi daga Gaya, an ɗura mata madara har ta tsani warinta.

Gwaggonmu mai kai albasa Kwatano ita ta tafi da ita asibiti can. Likita ya ɗauki hoton ƙashin hannunta, ya ɗebi jini, ya ce jikinta ba ya yin isasshen sinadarin da ke sa yaro girma. Akwai na allura, kullum sau ɗaya, sai dai maganin ba ya son zafi.

Ba mu da firigo. Wata maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara ta ware mana lungu a nata. Inna ba ta iya kallon allura, don haka ni na koya wurin wata ma'aikaciyar asibiti. Bayan magariba nake yi mata, yau a cinya, gobe a ciki.

Ban lura da yadda muka dame ta ba. Kowace Juma'a Baba zai tsayar da ita jikin bango ya ja layi da gawayi. Baƙi ma sai sun ce ta miƙe su gani.

A wata na biyar, na zo da allura na tarar ta naɗe ƙafafu cikin zane.

"Zafi take yi miki?" na tambaye ta.

"A'a, Yaya. Na gaji ne da a riƙa auna ni kamar buhun shinkafa."

Na zauna kusa da ita. Ranar ba a yi allura ba.

Da safe na gaya wa Baba. Ya nemo farar ƙasa ya shafe bangon da hannunsa. Awo ya koma na likita kaɗai. Bayan kwana biyu ita da kanta ta ce in koya mata, daga nan ta riƙa yi wa kanta.

Shekara huɗu aka yi. Ta kai kafaɗata, likita ya ce ƙasusuwanta sun gama girma. Inna ta so a ƙara gwadawa, ita ta ce ya isa haka.

Yanzu ungozoma ce a wani ƙauye wajen Madécali. Da babur take zuwa aiki, ta sa makanike ya rage masa tsawon wurin zama.