Zanar da Ta Raba Ajina Biyu

Shekarun baya can, tun zamanin En'e, kafin a ba mu mulkin kai, aka ɗauke ni aikin koya wa manya karatun boko. Ilimina bai wuce elementare ba. An tara mu a Ƙanƙara aka yi mana ɗan horo, sai aka tura ni wani ƙauye tsakanin Faskari da Sabuwa, inda ban san kowa ba. Ranar tafiya mahaifiyata ta raka ni har bakin hanyar Pauwa, tana ta ja mini kunne in yi hankali da mutane. Da ta tuna irin ɗan da ta haifa, da ba ta ƙara mini ba. Ni mutum ne da idan aka gaishe ni da fara'a sosai, sai in wuni ina tunanin me ake nema a wurina.

A wurin horo an gaya mana cewa idan mai duba azuzuwa ya zo ya tarar mutane sun watse, ko ba wanda ya iya haɗa baƙi da wasali, rufe ajin za a yi, malamin ya koma gida. Wannan magana ta zauna mini a ciki. An kuma koya mana dabara guda: wanda ya kuskure, a ta da wanda ya iya ya gyara masa a gaban allo. Na riƙe ta kam, don ban san wata ba.

Da rani muka fara, bayan an gama kai amfanin gona gida. Muna zama a rumfar ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar, dattawa a gaba, samari magidanta a baya. Cikin dattawan akwai wani maƙeri mai furfura, mai son karatun nan ƙwarai, shi ke fara zuwa, shi ke fara ɗaga murya, kuma kusan kullum ba daidai ba. Cikin samarin kuwa akwai wani dogo mai kaifin kai, wanda duk abin da na rubuta kafin in juyo ya karanta shi.

Wata rana maƙerin ya tashi gaban allo ya yi ta fama da layi ɗaya, ya kasa. Sai na kira dogon nan na ce ya zo ya gyara wa Baba. Ya miƙe, ya sunkuyar da kai, ya ce bai sani ba. Na ce jiya fa ka karanta mini wannan layin. Ya ce ya manta. Ya koma ya zauna.

Daga ranar samarin nan duka suka zama kamar an sauya musu kawuna. In na tambayi ɗaya, sai ya kalli ƙasa. Wasu suka fara latti, wasu suka daina zuwa. Nan take zuciyata ta ce mini akwai hannun wani.

Na fara zargin malamin makarantar allo, don na gaishe shi ya amsa a taƙaice yana riƙe da kumatu. Daga baya na ji haƙori ke damunsa, amma a lokacin na ɗauka fushin boko ne. Na zargi mai unguwa, don murmushinsa ya yi mini yawa. Har maigidan da ya sauke ni ban bari ba. Furar da iyalinsa ke aiko mini na daina sha, sai in zuba wa kaji in zauna ina kallonsu, ko zan ga wata ta kife. Kajin suka yi ƙiba, ni na rame.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi na nufi rafi wanki. A gindin wata ɗorawa na hangi samarin ajina sun yi da'ira. Na laɓe bayan kututture. Dogon nan ne tsaye da tsinke, yana rubutu a ƙasa, sauran suna karantawa tiryan-tiryan, har layin da ya ce ya manta. Yana ma kwaikwayon yadda nake gyara murya kafin in yi tambaya. Da suka gan ni sai suka hau share ƙasa da ƙafa, suka gaishe ni suka watse.

Ban yi wankin ba. Na koma na zauna na haɗa lissafina: yaron nan so yake mai duba ya zo ya ga na kasa, a kore ni, a ba shi ajin. Ga shi kuwa saƙo ya iso daga Faskari cewa mai duba na tafe bayan kasuwa mai zuwa. Na dinga ganin kaina ina shiga gida da tabarmata a ka, mahaifiyata na tambayata abin da ya faru.

Mutum ɗaya na ga bai sauya mini ba, wato maƙerin. Na same shi a maƙera, na jira yaransa suka fita, na rage murya na zayyana masa makircin duka. Ya ajiye guduma ya tambaye ni wane yaro nake nufi. Na kwatanta masa.

Sai ya yi dariya har ya share hawaye da hannun riga.

"Malam, ai mijin ɗiyata ne. Kai kana so ya tsaya gaban jama'a ya ce mini na yi kuskure, gobe kuma ya zo ya durƙusa ya gaishe ni? Da wane ido?"

Na ce to sauran fa? Ya shiga lissafa mini: wannan ɗiyar mai unguwa yake aure, wancan ubansa ne ke zama kusa da ni, wancan kuma yana neman aure gidan liman. Tun da suka ga abin da na sa dogon, kowa ya ji tsoron ranar da zan ta da shi a kan nasa surukin. Rashin sani ya fi musu sauƙi. Na tambaye shi me ya hana a gaya mini.

"Kai baƙo ne, kuma malami, wa zai ce maka ba haka ake yi ba? Ni kuwa in na faɗa, na yarda ke nan yaron ya fi ni kai."

Kunyar suruki ba baƙon abu ba ne a wurina, a garinmu ma haka take. Ban dai san wa ke auren 'yar wa a ƙauyen ba, kuma ban taɓa tambaya ba. Duk da haka, a hanyar komawa sai da na yi tunanin ko tsohon rufa wa surukinsa asiri yake yi.

Na so in raba ajin biyu, amma allo ɗaya ne, kuma da safe kowa na fadama ko wurin dabbobi. Maƙerin ne ya kawo shawara a kafa zana a tsakiyar rumfa, dattawa gefe guda, samari gefe guda, ni da allo a gaba inda kowa ke ganina amma ba su ganin juna. Na ce ai za su ji muryar juna. Ya ce ji daban, haɗa ido daban. Washegari aka kafa ta. Kafin mako ya zagayo waɗanda suka gudu sun dawo, bakin samari ya buɗe. Ban sake ta da wani ya gyara wa wani ba. In dattijo ya kuskure, sai in juya ɓangaren samari in yi tambayar kamar sabuwa, amsa ta tsallako zana, dattijon ya ɗauka abinsa.

Ranar da aka sa, mai duba ya iso a kan kekensa. Ya tsaya ya daɗe yana kallon zanar. Ya gwada samari, suka karanta. Sai ya zagayo ya nuna maƙerin. Tsohon ya miƙe ya fara, a hankali, har ya zo wata kalma ya karkace. Sai aka yi tari daga bayan zana. Ya tsaya, ya koma, ya gyara. Can gaba ya sake karkacewa, aka sake tari. Mai duba ya ɗaga kai ya tambaya wa ke tari haka.

"Surukina ne, ranka ya daɗe," in ji maƙerin, ko gezau. "Mura ke damunsa tun da muka fara karatun nan."

Mai duba ya juya baya yana gyara hula, kafaɗunsa na rawa. Ba a rufe ajin ba.

Na yi shekaru ina koyarwa bayan wannan, yara da manya, kuma duk garin da aka kai ni, kafin in ɗauki alli sai na zauna da wani dattijo na ji wane ne ɗan wa, wa ke jin kunyar wa. Shirun ɗalibi ba kullum rashin sani ba ne, ba kuma kullum ƙiyayya ba. Halina dai bai bar ni duka ba. Har yau in na tuna, sai in ce anya tarin nan ba tun kafin a kafa zanar suka shirya shi ba? Na taɓa tambayar dogon bayan tsohon ya rasu. Ya sunkuyar da kai ya ce ya manta.