Macijin Bayan Sito

Kawuna ya yi shekara talatin yana yankan ciyawa a harabar wata ma'aikata, kuma a iya sanina ƙarya ɗaya tak ya taɓa yi. Ita ce kuwa ta ci shi.

Bayan sito akwai wani ɗan lungu da bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Da ruwan farko ya sauka sai furannin daji su tsiro a wurin, rawaya da shuɗi da wasu farare ƙanana. Ba wanda ya san Kawu ne ya ɗauko ƙasar a buhu daga gonar mahaifiyarsa, ana gobe za a yanka gonar a mayar da ita filaye. Fararen nan su tsohuwa take sokawa a ɗankwali idan shuka ta yi kyau. Abin da ya rage masa nata ke nan.

Manajan farko ya ce a nome, ciyawa ce. Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai baƙin maciji a wurin, kaurinsa ya kai cinyata." Manaja bai sake bi ta bayan sito ba. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma na Kawu jama'a suka taya shi haƙa. Masinja ya rantse ya gan shi. Direba ya ce har ƙaho gare shi.

Ana haka aka kawo sabuwar shugaba, mai son furanni kamar ranta. Ta hango su ta taga, ta tara ma'aikata ta yi jawabi, wai furen daji tarihi ne, alamar haƙurin talaka, ba a shuka shi, ba a ba shi ruwa, amma yana fitowa. Kawu har da ƙwalla. Ya dawo gida yana cewa yau Allah ya kawo mai ido.

Washegari ta kira shi. "Baba, baƙi za mu riƙa kawowa su gani. Amma sai an kawar da macijin nan."

"Ranki ya daɗe, wallahi babu maciji. Ni na ƙirƙire shi."

"Haba Baba, kowa ya gan shi. Kwantar da hankalinka, ba kai za ka shiga ba."

Aka tambayi masinja, ya ce ko jiya ya ga wutsiyarsa.

Kafin la'asar an zuba fetur an cinna wuta. Kawu ya yunƙura zai shiga, mai gadi ya riƙe shi gam, kada maciji ya sare shi. Aka kwashe ƙasar a tifa, aka malala siminti don kada maciji ya sake samun rami. Mai fenti ya zana furanni jajaye a bangon sito, irin da Kawu bai taɓa gani ba.

Ranar da ya ajiye aiki aka ba shi takardar yabo, wai shekara talatin yana aiki kusa da maciji bai taɓa gudu ba. Ni na karanta masa. Na so in yi dariya, sai na ga yana duba ƙasan faratansa, tausayinsa ya kama ni.

Ya ce, "'Yata, ko cikin gwangwani ɗaya ba su bar ni na ɗiba ba."