Taraktar da Ta Ƙi Shiga Lungunmu

Tsohuwar taraktarmu ba ta taɓa tashi da bugu ɗaya ba. Sai an zuba mata ruwa a lagireto, an daddaki gefenta, an yi mata magiya, sannan ta yi tari uku ta turnuƙe lungu da hayaƙi. Da ta fara tarin nan sai ka ji mata cikin gidaje suna kwashe shanya suna yi mana Allah ya isa a hankali. Ƙarama ce, ja ce a da, yanzu kuwa launinta sai dai a ce na tsatsa. Baba ya saye ta ta hannu shekarar da ya bar rumfar yadi a kasuwa ya ce shi noma zai koma.

Gidanmu a Zaitawa yake, can ƙuryar wani lungu da mota ba ta shiga. Ko adaidaita sahu a bakin titi yake sauke mutum. Ita dai 'yar taraktar nan tana shiga har ƙofar gida, ta kwana a kangon da ke jikinmu. Gonar kuma tana bayan gari, idan an bi ta gefen Goron Dutse an fita.

Da girma ya kama Baba, gwiwoyinsa suka ƙi. Daga zaure zuwa masallacin lungu ma sai ya huta sau biyu, balle bakin titi. Fita ɗaya ta rage masa a duniya. Duk Alhamis da damina nakan kawo tarakta ƙofar zaure, mu shimfiɗa katifa a 'yar tirelarta, ni da yayana mu kama shi ya hau, ya buɗe laima. A gona sai ya zauna gindin ɗorawa ya yini yana kushe kunyoyinmu. Ranar ce kaɗai yake cinye tuwonsa tas.

Sai na ga sabuwa a wajen wani dila, na kamu. Shuɗiya ce, da rumfa a kai, kujera mai laushi, sitiyarin da yatsa ɗaya ake juya shi. Ana murɗa makulli take tashi, ba tari ba magiya. Ni ne mai kwanciya ƙarƙashin tsohuwar, baƙin mai na ɗiga mini a fuska, saboda haka kada kowa ya ga laifina. Dilan ya ce mu kawo tamu ya karɓa, mu yi ciko. Riƙe biyu kuwa ya fi ƙarfinmu. Sati biyu ina damun mutanen gida da zancenta, har matata ta ce in na sake cewa sitiyari a kan abinci za ta ɗauke kwanon.

Yaya mutum ne mai sanyi. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Za ta shiga lungu?"

Na ce a auna mana. To mu gidan 'yan yadi ne tun kakanninmu da suka zo daga Barno, kuma a gidanmu abin kunya ne a ga namiji da tef. Da kamu muke awo, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Yaya ya biya wajen dila ya auna faɗin sabuwar. Ni na auna inda lungun ya fi matsewa, tsakanin katangar masallaci da dakalin wani malami maƙwabcinmu. Ya bugo waya ya ce, "Kamu uku da taƙi." Na ce, "Lungu kamu huɗu ba kaɗan. Har da sarari!" Babu wanda ya tuna a cikinmu cewa Yaya dogo ne kamar gwangwala, ni kuwa ban kai kafaɗarsa ba. Alhali tun muna rumfa masu saye ke cewa shi zai auna musu, ni in tsaya wajen ninki.

Dila ya yarda mu kawo sabuwar gida a gwada, ranar ta faɗo Alhamis. Na shigo unguwa ina ɗaga wa mutane hannu kamar wanda ya dawo daga Makka. Gabanta ya shige lungu lafiya lau. Da tayoyin baya suka iso, ɗaya ta dafe dakali, ɗaya ta goge katangar masallaci, muka tsaya cak.

Nan da nan lungu ya cika da masana. Wannan ya ce a sace iskar taya, wancan ya ce in karkato hagu. Wani tela da ko keke bai iya ba ya ce matsalar direba ce. Raina ya ɓaci, na ce ya zo ya hau in ya isa. Mai ruwa ya maƙale a bayana da kurarsa yana ta "Alhaji, a yi haƙuri a matsa." Malam mai dakali, Allah ya saka masa, ya fito ya ce, "A fasa shi mana, ai siminti ne." Aka duba, ko an fasa, bangon gidansa na nan a baya. Sai ga Yaya. Ya kama hannuna ya jera da nasa. Yatsuna a tsintsiyar hannunsa suka tsaya. Lungu ya kwashe da dariya, har wanda na yi wa tsawa.

Na tsallake ta kan dakali na shiga gida ina huci. A zaure na tarar da Baba. Ya sa malfarsa da takalman gona, laima a kan cinya. Ashe tun safe yake zaune haka, kuma duk ya ji abin da ake yi.

Ya ce, "Ku saya abinku. Ai noman ake so, ba yawona ba. Ku nema mata wurin kwana a bakin titi. Ni na ga gona iya gani."

Yana faɗa yana cire malfar. Ya ajiye ta gefe, ya sunkuya da ƙyar ya fara zare takalmi. Abin ya soke ni. Kuma ba zan ɓoye ba, ina son taraktar nan, har na tsaya ina lissafin ko za mu riƙa goya shi zuwa titi. Amma na san Baba. Gara ya mutu a zauren nan da a ratsa lungu da shi a baya mutane na kallo.

Fitar da sabuwar da baya ya ci mana awa guda da fentin gefe ɗaya. Na mayar wa dila, na sha mitarsa a kan fentin, na hau adaidaita na dawo. Bayan azahar na shiga kango na fara yi wa tsohuwar magiya. Sai a bugu na bakwai ta yi tari.

Na tsayar da ita ƙofar zaure, na leƙa na ce, "Baba, waccan ashe giyarta ba kyau. Dila ma ya ce gara tamu."

Ya dube ni. Sannan ya miƙo hannu.

"Tun kana yaro ba ka iya ƙarya ba," in ji shi. "Kama ni in hau, rana na yi."