Kujerata a Ɓangaren Masu Ja

Juma'a, tashi daga Yanbu

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka rufe ɗaki, ni da matata Ummu Hamza. Ita tana rungume da kular soyayyen nama da kwalbar yaji, ni ina ɗauke da jaka. Makullin benen da nake gadi na bar shi wurin ɗan Yaman mai shagon ƙasa, na ce ranar Asabar zan karɓa.

Jidda za mu. Ɗanmu Hamza yana kwalejin fasaha a can, shi ne mai tsaron gida na ƙungiyarsu ta ƙwallo. Duk shekara suna karawa da kwalejin kasuwanci, ranar kuwa iyaye kan zo kallo. Uwarsa ya gayyata. Ni jawo ni ta yi.

Bari in faɗi yadda abin yake. Shekara uku yaron nan bai yi mini magana ba in ban da gaisuwa, kuma laifina ne. Ranar da muke kwashe kaya daga Karantina, tsohuwar unguwarmu a Jidda, ana rushe layin bayanmu, na neme shi ya kama mini firij, aka ce yana filin ƙwallo. Da ya dawo, a gaban mutane na ce masa da Yasir Allah ya ba ni da na huta. Yasir ɗan maƙwabcinmu ne, sa'ansa, mai son karatu. Hamza ya juya ya fita. Mu muka koma Yanbu, shi ya zauna a Jidda wurin ƙanwar uwarsa. Tun daga nan sai "lafiya lau, Baba".

A tasha muka sami kaddad, wato mai ƙaramar mota da ke ɗaukar fasinja, riyal ɗari kowane mutum. Ɗan Sudan ne, sunansa Usman. Biyar saura kwata muka ɗaga, muka yi sallar asuba a gidan mai na farko.

"Ya Hajj, asibiti ko biki?" in ji Usman.

"Ƙwallo."

Ya dube ni ta madubi. "Kai da ƙwallo?"

"Tuƙa motarka."

Rabigh

Bakwai daidai muka tsaya a Rabigh, kusan rabin hanya. Muka ci wake da gurasa mai zafi, shayi riyal biyu. Ummu Hamza ba ta ci sosai ba.

"In kun haɗu, kada ka fara da faɗa," ta ce.

"Ban ce komai ba."

"Shi ne matsalar, Abu Hamza. Ko ka yi shiru shekara uku, ko ka buɗe baki ka sare mutum."

Kafin Jidda akwai shingen bincike. Soja ya karɓi iƙamarmu, wato katin zaman ƙasa, ya duba, ya miƙo. Minti uku. Daga Yanbu zuwa Jidda kilomita ɗari uku da talatin ne, ko sama kaɗan.

Jidda

Tara da kwata Usman ya sauke mu a Bagdadiyya. Tasi ya kai mu unguwar Safa a kan riyal ashirin da biyar, gidan Khadija, ƙanwar matata, hawa na uku. A hanya Ummu Hamza ta ce mu biya ta Karantina mu gani. Na ce babu abin gani, fili ne. Ba mu je ba.

Hamza ba ya gida, tun safe yana tare da 'yan wasa. Khadija ta ba mu ɗakinsa. Na ga safar hannunsa tsohuwa a rataye, duk ta yage a tafi. Bayan Juma'a muka ci shinkafa da kifi.

Uku da rabi mijin Khadija ya ajiye mu a bakin filin kwalejin. Mata suka wuce ciki don su sami wuri, ni na tsaya sallar la'asar a masallacin gefe. Hamza ya aiko wa uwarsa saƙo cewa ƙofa ta biyu, ɓangaren masu farar riga. Ba ta gaya mini ba, ta ɗauka zan bi sahunta.

Ina neman takalmina a ƙofar masallaci wani ya damƙe hannuna.

"Abu Hamza! Ashe kana raye, tsohon banza!"

Abu Yasir ne. Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ta raba mu. Yanzu yana Bahra. Ya rame, gemun ya yi fari tas. Muka rungume juna, bai saki hannuna ba har muka shiga ta ƙofa ta farko.

Ku da kuka zauna a unguwarmu kun san ƙa'ida. Ba a gaisawa da maƙwabci a tsaye a wuce. Sai an zauna, an sha shayi, an tambayi gida-gida daga bakin layi har ƙarshensa. Abu Yasir ya buɗe fulas ya zuba mini. Muka fara daga gidan mai wanki. Ya koma Makka. Hajja mai ƙosai ta rasu a wurin 'yarta. Ladan yana Jizan, idonsa ɗaya ya mutu. Gida goma sha bakwai ne a layin, kuma ba a tsallake ko ɗaya.

Ban taɓa shiga filin ƙwallo ba. Ban san wurin zama yana da gefe ba. Na ga kowa kusa da ni da jar riga, na ɗauka ado ne. Wani ma ya rataya mini jan ƙyalle a wuya, na ce na gode. An busa usur, ana ta ihu, mu muna gida na tara.

Can wani dogo mai jar riga ya zo ɗaukar ƙwallo a gabanmu. Ya ɗaga wa Abu Yasir hannu, ya gan ni, ya dafa ƙirji ya ce, "Ammu!", wato baffa. Yasir ne, ashe shi ma ya shiga ƙwallo. Na ɗaga masa hannu ina dariya. Da na juya sai na hangi mai tsaron gida na masu fari a tsaye cikin raga, ya zuba mini ido. Daga nesa na gane tsayuwar. Ya kau da kai.

Waya ta yi ƙara. Ummu Hamza.

"Kana ina?"

"Wurin Abu Yasir."

"Ina ganinka. Kowa yana ganinka. Dubi wuyanka, Abu Hamza. Ka zo daga Yanbu don ka zauna wa Yasir?"

Na cire ƙyallen na ajiye a kan kujera. Na miƙe. Abu Yasir ya ce saura gida takwas. Na ce su jira. Shayin ma ban shanye ba, abin da ban taɓa yi wa maƙwabci ba.

Daga ƙofa ta farko zuwa ta biyu

Wannan ce tafiya mafi tsawo a cikin tafiyar. Na nufi in ratsa ta gefen fili, mai gadi ya hana. Ya ce sai dai in fita in zagaya ta bayan katanga. Gwiwata ta hagu tun ina dako a tashar jiragen ruwa ba ta lanƙwasuwa sosai. Rana tana nan, iskar teku mai ɗanko. Na bi katanga, na wuce wurin ajiye motoci, na tarar da shingen masu gini, na sake zagayawa. Minti ashirin da biyar. Sau biyu na zauna a bakin hanya. Ina jin ihu daga ciki, ban san na waye ba.

A ƙofa ta biyu wani dattijon mai gadi ya ce an cika, an rufe.

"Ɗana ne a raga," na ce.

"Kowa haka yake faɗa, ya Hajj."

"Ni ban iya ƙarya mai tsawo ba. Buɗe."

Ya dubi ƙafata, ya dubi rigata da ta jiƙe sharkaf, ya buɗe.

An dawo daga hutu, babu wanda ya ci. Ban nemi kujera ba. Na je bayan ragar da Hamza yake, na kama wayar shinge da hannu biyu. Tsakanina da shi bai fi taku goma ba. Bai juyo ba, amma ya san ina nan.

Ban san abin da ake faɗa a wurin ƙwallo ba. In ta taho sai in ce, "Kama!" Ya kama. Ta sake tahowa, na ce, "Kama!" Ya doke ta da hannu ɗaya ta bi ta sama. Ɗaliban da ke bayana, Larabawa ne yawancinsu, suka ɗauka suna rerawa da tafi, "Kama! Kama!" Ashe yaron nan haka yake tashi sama. Ashe haka yake faɗuwa a kan haƙarƙari ya miƙe. Shekara nawa yana wannan, ban taɓa gani ba.

Saura minti huɗu Yasir ya kufce wa mutum biyu. Hamza ya fito ya tare shi, Yasir ya ɗaga ƙwallon ta saman kansa. Ta shiga. Ɗaya da nema aka tashi.

Kowa ya watse, Hamza ya zauna a gindin ƙarfen raga, bayansa yana wajena.

"Hamza."

"Na'am."

"Ban san wurin zama yana da gefe ba."

"Halas, Baba, ya wuce. Ma'alesh, babu komai."

"Ba halas ba ne, bai wuce ba. Maganar da na yi maka ranar firij ƙarya ce. Ana rushe mini gida, tsoro nake ji, kai ne a kusa. Ban taɓa son wani a madadinka ba."

Ya cire safar hannu ɗaya, ya cire ɗayar. Sannan ya juyo, idonsa ja, ya dubi gwiwata.

"Da ƙafar nan ka zagayo?"

"Da wacce zan zagayo?"

Ya rufe fuska da rigarsa. Ban san dariya yake ko kuka ba. Ya haura shingen, ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin hannuna, haka muka fita har mota.

Asabar, komowa

Bakwai na safe Hamza ya shigo da wake da gurasa, ya zauna a ƙasa kusa da ni. Uwarsa ta buɗe kular nama. Yana ci na ce masa ya yi gaggawar fitowa daga raga.

"Wallahi ya Baba! Rabin wasa ka gani a duk rayuwarka!"

"Na gani dai. Da ka tsaya da ka kama."

Ya jera kofunan shayi a kan tabarma yana nuna mini, rabi da Hausa rabi da Larabci. Ban yarda ba. Muka ci gaba a cikin tasi har Bagdadiyya. Usman yana jira, goma da rabi muka ɗaga, Hamza yana bin motar yana cewa ta taga, "Ka tambayi kowa, dole gola ya fito!"

Shingen bincike minti biyar. Azahar a Rabigh. Gwiwar ta kumbura, Ummu Hamza ta sa aka ba ni kujerar gaba. Uku da kwata muka shiga Yanbu lafiya.

Alhamdu lillahi da Ya kai mu Ya dawo da mu. Na gode wa Khadija da mijinta da suka riƙe mini ɗa. Na gode wa Usman direba, da dattijon ƙofa ta biyu da ban san sunansa ba. Abu Yasir ya yi haƙuri da shayinsa, zan zo Bahra mu ƙarasa layin. Yasir kuwa, Allah Ya yi masa albarka, yaron kirki ne. Amma ƙwallon da ya ci ɗana, ban yafe ba.