Maraƙar da aka haifa a hanyar Maraɗi

Da mahaifinmu ya rasu ya bar mana kamiyo guda, babbar motar kaya, ni da yayana. Lokacin da aka tashi canza sunan da ke kan kart giris, takardar da ke nuna mai mota, Yaya yana Libiya wajen bida, wato neman kuɗi, sai aka sa nawa. Da ya dawo ya kama tuƙi, ni kuma na ci gaba da koyarwa a lakkol, makarantar boko, ba wanda ya sake tada maganar. Abin da na sani game da motar bai wuce ƙararta ba, da warin kashin shanu da take shigowa da shi unguwa.

Wani babban hutu na ce ma Yaya ina son in bi shi Maraɗi in ga yadda aikin yake. Ya yi dariya ya ce:

"Madam, gaban mota ba aji ba ne. Zafi za ki sha."

Na ce na ji, zan sha.

Washegarin kasuwar Dakoro muka yi lodi. Shanun na wani Alhaji ne, ɗan kasuwa da ke zaune Maraɗi, wanda ya saye su ta hannun dillalinsa. Likitan dabbobi ya duba su, ya rubuta takarda mai nuna yawan kawuna, ya buga hatimi. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda ake jera su, wannan kai gabas, wannan kai yamma, a ɗaure ƙahoni da igiya jikin ƙarfe. Na tambayi Yaya dalili, ya ce in ɗaya ta kwanta sauran za su tattake ta, shi ya sa ake sa mutum a sama ya yi ta tsaronsu. Mai tsaron ranar wani dattijon Bafillace ne daga wajen Rumbu, siriri, da malfa da sanda. Shi ya roƙi dillali a ba shi aikin. Muka riƙa ce masa Baffa.

Mun wuce Ajekoriya da kaɗan sai muka ji ana dukan rufin mota da sanda. Yaya ya tsaya. Baffa ya leƙo ta taga ya ce jar saniyar nan ta tsakiya za ta haihu, in ba a fid da ita yanzu ba, za a yi asarar biyu.

Saukar da saniya a daji ba tare da dakali ba aiki ne. Yaya ya yi ta ja da baya har ya haɗa gindin motar da wani tudun jar ƙasa da masu gyaran hanya suka bari. Wasu manoma suka ajiye hauya suka zo suka kama. Sai da aka fid da shanun da ke gabanta kafin a kai gare ta. A gindin wata aduwa ta haihu, ina tsaye ina kallo, ban taɓa ganin haihuwar saniya ba sai ranar. Maraƙa ce, ja kamar uwar. Baffa ya share mata hanci da hannu, yana yi mata magana da Fillanci a hankali. Da ta miƙe ta sha nono aka maida shanu mota, ita kuma aka sa ta gaba, wajen ƙafafuna, kan wani tsohon buhu.

A shingen jandarmomi aka tsaida mu. Wani jandarma ya karɓi takardu, ya hau ya ƙidaya, ya sauko, ya leƙa gaba. Muka haɗa ido da shi, ya haɗa ido da maraƙar.

"Wannan fa? Ba ta cikin takarda."

Yaya ya ba shi labari. Jandarman ya koma ya dubi uwar, ya ga alamar haihuwa ba ta ɓoyuwa. Ya ce ya yarda, amma satar dabbobi ta yi yawa, an umurce su duk motar da kawunanta suka saɓa da takarda a kai ta gaban shef, shugabansu. Sannan ya buɗe kart giris ya tambayi wane ne mai motar. Yaya ya nuna ni.

"To Madam, ke za ki amsa."

Ni tsoro bai kama ni ba, son sani ne ya kama ni. A ƙarƙashin rumfar shef na tambaye shi ko dabbar da aka haifa bayan an buga hatimi kaya ce ko fasinja. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce tun da ya fara aiki ba a taɓa kawo masa irin wannan ba. Ya ce abu mai sauƙi ne, a kira mai shanu ya shaida cewa tasa ce, a rubuta a gefe, mu wuce.

Yaya ya kira Alhaji a waya, ya buɗe murya kowa na ji. Alhaji ya yi hamdala, ya ce maraƙa tasa ce mana, tun da uwar tasa ce. Sai Baffa, wanda tun ɗazu yake tsugune, ya miƙe.

"Ba tashi ba ce. Ni na saida saniyar. Na ce ma dillali uwa na saida, abin da ke ciki nawa ne. Ya ce ya ji."

A nan na gane abin da ya sa ya roƙi hawa motar. Rani ya yi tsanani a bara, ya saida saniyar don ya sayi hatsi, amma irin garken mahaifinsa ce, bai son jinin ya ƙare. Niyyarsa ya bi ta har Maraɗi ya ga inda za a ajiye ta. Alhaji ya ce shi ba a faɗa masa wani sharaɗi ba. Aka kira dillali, wayarsa a kashe.

Shef ya ce shi ba alƙali ba ne, ba zai ba wannan ya hana wancan ba. Ya rubuta bayanin kowa, ya ce sauran shanu a kai ma mai su, saniya da 'yarta kuwa su zauna hannun mai mota har a sasanta. Ya miƙo mini biro na sa hannu. Haka muka sauke shanu a Maraɗi, Alhaji yana faɗa, Yaya yana ba shi haƙuri, washegari muka juyo Dakoro da buhunan siminti a gaba, saniya da maraƙa da Baffa a baya.

Aka ɗaure su a gidana, kusa da rumbu. 'Yan unguwa suka yi ta zuwa kallon saniyar da ke jiran shari'a. Ni kuma hutu ya ba ni sarari, na shiga yawon tambaya.

Na fara da sandika, ƙungiyar masu motocin kaya da ke tasha. Shugabansu, wani mai furfura da ya daɗe da barin tuƙi, ya ce a wajensu doka ɗaya ce: wanda ya ba ka kaya, shi kake sauke ma kaya, da abin da ya ƙaru da abin da ya ragu. Na ce to in da saniyar ta mutu wajen haihuwa fa, wa zai biya? Ya ce in shofer ya yi gudu ko ya ƙi tsayawa, mai mota. In kuwa kwananta ne ya ƙare, mai dabba. Na ce wa zai bambance? Ya ce shi ya sa suke da benci da buta a ofis, wani zaman yakan kai la'asar.

Daga nan na je gidan shari'a wajen wani magatakarda, uban wata ɗalibata. Ya ce a takarda, mai ɗaukar kaya shi ke da alhakinsu tun daga lodi har sauka, kuma tun da na sa hannu gaban jandarma, in maraƙar ta ɓace ko na miƙa ta ga wani da ra'ayina, ni za a nema. Ranar na sa aka ƙara ma ƙofar gida sakata. Na tambaye shi maraƙar ta wa ce. Ya ce in an kawo ƙara za a nemi shaidun ciniki, amma shawararsa kada a kawo, don kafin a gama maraƙar ta isa haihuwa.

Wanda ya fi ba ni mamaki limamin unguwarmu ne. Na ɗauka zai ce ta Baffa ce ko ta Alhaji. Sai ya ce in da gaske an yi wannan sharaɗi, cinikin ne gaba ɗaya bai ƙullu ba, don ba a saida uwa a keɓe cikinta. Ke nan saniyar ma ba ta taɓa fita hannun Baffa ba. In kuwa ba a yi sharaɗin ba, duka biyu na Alhaji ne. Na dawo gida ina ta juya maganar. Mutum uku na tambaya, kowa da gaskiyarsa, kuma ba wanda ya amsa tambayar da ɗayan ya amsa.

Kasuwa ta zagayo, Alhaji ya zo da kansa, dillali ya bayyana. Aka zauna a rumfar sarkin dillalai, da liman, da shugaban sandika. Aka kira ni don ni ke riƙe da amanar, na zauna a gefen tabarma, ni kaɗai mace. Dillali ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya ce eh, dattijon ya faɗi haka, shi ya ɗauka maganar baki ce irin ta mai rabuwa da dabba, bai ga amfanin isar da ita ba. Liman ya maimaita abin da ya faɗa mini. Baffa ya ce kuɗin sun riga sun zama hatsi, ba shi da abin maidawa, amma yana da wani bajimi a ruga. Alhaji, wanda dama na yanka yake nema, ya aika aka gano bajimin, ya ce ya karɓa a madadin saniyar. Aka yi fatiha.

Kafin a tashi na ce ina da tambaya. Duk kwanakin nan ni ke sayen harawa da dusa, kuma ni da yarana ke shan abin da maraƙar ta rage na nono. Shi wannan nonon na wa muka sha? Rumfar ta fashe da dariya. Liman ya ce wanda ya ciyar ai ya ɗan sha, amma in zuciyata ba ta kwanta ba in nemi yafewa. Na juya wajen Alhaji, ya ce shi yanzu ba ruwansa, an ce ba tasa ba ce. Baffa ya ce ya yafe, har da na gobe da safe.

Yaya ya yi masa tayin ya kai su Rumbu a mota. Ya ƙi, ya ce hawan da suka yi ya ishe su. Da hantsi ya kwance saniyar, ya sa ta gaba, maraƙar tana tsalle a gefenta, suka bi hanyar arewa a ƙasa. Ni kuma na koma wajen shef da takardar sulhun don a soke sa hannuna.